Sana'ar hannu a kasuwannin intanet: Yadda ake cinikin da abin da ke cinye riba

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da aka kafa Kasuwar Kurmi, dillali ne ke tsakanin mai sana'ar hannu da mai saye na nesa. Baduku ya ɗinka jaka, marini ya rina turmi, maƙeri ya ƙera zobe, amma wanda ya san hanyar kai kayan gaba shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Ko fatar jan akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita, a Turai da sunan fatar Maroko aka san ta.

Kasuwannin intanet sun zo da alƙawarin kawar da wannan shamaki, ta yadda mai sana'a zai baje hajarsa daga rumfarsa, mai saye a Landan ko Dubai ya gani ya biya. Akwai ƙamshin gaskiya a alƙawarin, sai dai su ma waɗannan kasuwanni dillalai ne, kuma la'adarsu a rubuce take. Wanda bai lissafa ta ba kafin ya yanke farashi yana iya yin ciniki mai yawa ya tashi ba riba.

Waɗanne kasuwanni ne?

Wadda ta fi suna a fagen kayan hannu ita ce Etsy, da aka kafa a birnin New York na Amurka a shekarar 2005. Kamfanin Amazon ma ya buɗe nasa sashen mai suna Handmade a 2015. A Afirka akwai Afrikrea, wadda daga baya ta koma ANKA, mai hedikwata a Abidjan, da ta fi mayar da hankali kan sutura da kayan ƙawa na nahiyar.

A cikin gida kuwa akwai Jumia da Jiji, ko da yake yawancin masu ɗinkin hula, masu turaren wuta da masu saƙa a Arewa sun fi dogara da Instagram, Facebook da WhatsApp. A waɗannan ba a cire wa mai kaya la'ada kan cinikin da ya ƙulla da kansa, amma kuma babu wanda ke tsaya wa kowa idan aka samu saɓani.

Masu ɗaukar hoto suna da nasu kasuwannin, irin su Shutterstock, Adobe Stock da Getty Images, inda jaridu da kamfanonin talla ke zuwa neman hotuna.

Yadda la'ada ke taruwa

A Etsy, mai kaya yana biyan senti 20 kan kowace haja da ya baje, na tsawon wata huɗu, ko an saya ko ba a saya ba. Idan ciniki ya faɗa, kamfanin yana cire kashi 6.5 cikin 100, kuma lissafin ya haɗa har da kuɗin aika kaya da mai saye ya biya. A da kashi 5 ne, kafin a ƙara shi a Afrilun 2022, abin da ya sa dubban masu shaguna suka rufe shagunansu na mako guda don nuna rashin amincewa.

Bayan wannan akwai kuɗin sarrafa biya, sannan akwai kuɗin tallar da kamfanin ke yi wa kaya a wasu shafuka. Idan ta wannan talla aka samu mai saye, ƙaramin shago yana biyan kashi 15 cikin 100. Shagon da cinikinsa ya kai Dala 10,000 a shekara yana biyan kashi 12, kuma ba shi da zaɓin ficewa daga tsarin.

A ɗauki misalin jakar fata ta Dala 50 da aka ɗora mata Dala 30 kuɗin aikawa. Jimilla Dala 80 ke nan. La'adar ciniki za ta ci Dala 5.20, kuɗin talla Dala 12, ga senti 20 na bajewa. Dala 17.40 ta tafi tun kafin a cire kuɗin sarrafa biya da na canjin kuɗi. Dala 30 kuwa ta kamfanin jigila ce. Daga ɗan abin da ya rage ne baduku zai fitar da kuɗin fata, zare, rini da ladan guminsa.

Me mai hoto ke sayarwa?

Bambancin hoto da jaka shi ne, hoto ba ya barin hannun mai shi. Abin da ake sayarwa izinin amfani ne, don haka hoto guda na iya kawo kuɗi sau ɗari. Amma kason mai hoton kaɗan ne. A Shutterstock yana farawa daga kashi 15 zuwa kashi 40 cikin 100, gwargwadon yawan hotunansa da aka sauke a shekara, kuma wani saukewar senti 10 kacal take kawowa. Adobe Stock na biyan kashi 33.

Akwai kuma ƙa'idar da ke tuntuɓe da sababbin shiga. Hoton da fuskar mutum ta fito a ciki ba ya shiga rukunin talla sai da takardar amincewar mutumin da sa hannunsa. Hoton mahaya a Hawan Daushe, ko na marina a bakin karofin Ƙofar Mata, idan babu wannan takarda, sai dai a sayar da shi don labarai da ilimantarwa kawai.

Hotunan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira sun ƙara cunkoso a kasuwar. Duk da haka, jarida mai neman hoton Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, tana buƙatar wanda ya tsaya a wurin da kyamararsa.

Shingayen da ke gaban ɗan Najeriya

Na farko shi ne karɓar kuɗi. Etsy ba ta barin a buɗe sabon shago sai a ƙasashen da tsarin biyanta ya shafa, don haka wajibi ne mai sha'awa ya duba jerin ƙasashen kafin ya kashe ko sisi. Masu buɗe shago da sunan ɗan'uwa da ke ƙasar waje suna cikin haɗarin a rufe shagon a riƙe kuɗin, ban da rigimar amana da kan biyo baya.

Na biyu shi ne jigila. Kuɗin aika ƙaramin ƙunshi ta kamfanonin gaggawa yakan kai farashin kayan ko ya zarce. Ƙari a kan haka, a Agustan 2025 Amurka ta dakatar da sassaucin da ke barin ƙunshin da bai wuce Dala 800 ba ya shiga ƙasar ba tare da harajin kwastam ba.

Na uku doka ce. Kayan da aka yi da fatar kada, mesa ko guza suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, wadda Najeriya ta sanya wa hannu, kuma fitar da su ba tare da izini ba na jawo a ƙwace su. Tsofaffin kayan tarihi ba sa fita sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Mai niyyar fitar da kaya da yawa kuwa yana buƙatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC.

Gogayya da kayan inji

Tun da Etsy ta sassauta dokarta a 2013, ta amince masu shago su yi aiki da masana'antu, ake ƙorafin cewa kayan inji sun cika kasuwar da sunan aikin hannu. A 2024 kamfanin ya fito da alamomin da ke nuna ko mai shagon ne ya yi kayan, ko zana su ya yi, ko samo su ya yi.

Mai ɗinkin hular da ke kwashe makonni a kan guda ɗaya ba zai iya karya farashi kamar inji ba. Abin da yake da shi shi ne hujjar cewa aikin nasa ne: hoton kayan a hasken rana, bidiyon hannunsa a kan allura, ainihin awo, da bayanin inda fata ko zaren ya fito. A nan ne sana'o'in biyu ke haɗuwa, domin mai saye ba ya taɓa kaya, hoto yake gani.

Haɗin gwiwa ma na rage nauyi. Dukawa ko masaƙa goma da suka haɗa kayansu a aike ɗaya, suka ɗauki matashi guda mai hoto da amsa saƙonni, sun fi wanda ke fama shi kaɗai sauƙin kuɗin jigila. Sharaɗin dai shi ne a rubuta kason kowa tun farko, a kuma fara da kasuwar gida da ake biya da Naira kafin a hari ta ƙetare.