Babi na 7: Kwaɗo Biyu a Ƙofar Wiki

A watan Mayun 2005 wani mutum ya shiga Wikipedia ta Turanci ya ƙaga wa tsohon ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler ƙarya, wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan Shugaba John Kennedy da ƙaninsa Robert. Sai da ƙaryar ta yi kusan wata 4 a shafin kafin a farga. Abin da ya ba shi dama kuwa shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri wiki dominsa: tun da Ward Cunningham ya buɗe na farko a 1995, ƙa'idar ita ce kowa ya shigo ya gyara.

A Disambar 2005 aka fara ja wa baƙi birki. Wanda bai yi rajista ba aka hana shi buɗe sabuwar maƙala, aka kuma fito da kariya hawa-hawa. A yau akwai shafin da sai asusunka ya kwana 4 ka kuma yi gyara 10 za ka taɓa shi, akwai mai bukatar kwana 30 da gyara 500, akwai wanda masu gudanarwa kaɗai ke da makullinsa.

Wannan kwaɗon manhajar wiki ke nan. A ƙarƙashinsa akwai wani da ya girme shi, na sabar kanta, wato kwamfutar da fayilolin ke kwance a cikinta. Tsarin ya samo asali daga Unix, wanda aka fara ginawa a Bell Labs a 1969. Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kuma izini lamba ne: karantawa 4, rubutawa 2, kunnawa 1, ana tara wa kowanne nasa. Idan aka ga 644, mai fayil ya karanta ya rubuta, saura su karanta kawai. Amma 777 ƙofa ce hanhai, kuma sau da yawa gajiya ce ke sa mai kula da shafi ya buga ta don kawai abu ya yi aiki. Wannan ganganci ne babba.

Sabar Apache tana da ɗan fayil mai suna .htaccess da ake ajiyewa a cikin jaka, kamar "Ba a shiga" a bangon zaure. Wanda bai kawo kalmar sirri ba ya ga lambar kuskure 401. Wanda aka haramta wa gaba ɗaya ya ga 403.

Inda masu makarantu da ofisoshi suke tuntuɓe shi ne tsakanin kwaɗunan biyu. Sai a rufe wiki mai amfani da manhajar MediaWiki ruf, ba mai karanta shafi sai ya shiga da sunansa, amma hotuna da takardun da aka ɗora suna wata jaka dabam, sabar na miƙa su kai tsaye ga duk wanda ya san adireshin. Manhajar ba ta ma san an zo ba. Maganin shi ne a rufe jakar daga sabar, a bi da kowace buƙata ta fayil ɗin manhajar mai suna img_auth.php, wanda ke tantance mai nema tukuna.

Mai kula da irin wannan wiki ya fita daga asusunsa, ya liƙa adireshin takarda ɗaya a burauza. In ta buɗe, to a buɗe take ga kowa.