Dawar masakwa da abin da turmi ke kwashewa

Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Mindif a watan Janairu zai ga abin da ke ba baƙo mamaki. Damina ta wuce da wata uku, ciyawa ta bushe ƙayau, amma ga dawa kore shar a filayen da ke kewaye da dutsen Mindif. Ita ce masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwaari. Ana yafa irinta a ƙarshen damina, a dasa ta wajen Oktoba cikin baƙar laka mai riƙe ruwa, wato karal, a girbe ta a Fabrairu, ba ruwan sama, ba ban-ruwa.

Sai dai a gidaje da yawa yau farar shinkafa ce abincin fita kunya, ko ta Yagwa ko wadda aka shigo da ita daga Asiya, tuwon dawa kuwa ya koma na ranar da babu. A ganinmu an yi musanyar da babu riba. A cikin giram 100 na dawa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 10, farar shinkafa kuwa wajen 7. Gero ya fi su duka sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, abin da mai ciki ta fi kowa bukata. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya 2023 ta zama shekarar gero da danginsa.

To amma, ya uwargida, dawar ma ana iya mayar da ita kamar shinkafa tun a turmi. Yawancin bitamin B da sinadarin ƙarfe suna cikin fatar ƙwaya ne da ɗan idonta. Idan aka yi surfe har sau biyu, aka wanke, aka kai inji don gari ya fito fari sol, alherin ya bi dusa, dusa kuwa akuya ce ke cinta. Kada a yi mamaki in akuyar gidan ta fi yaran gidan sheƙi! Fatar nan ce kuma ke sa tuwo ya riƙe ciki, ya sauƙaƙa bayan gida, ya rage saurin hawan sukari a jini. Surfe ɗaya mai sauƙi ya wadatar, musamman a gidan da ake da mai ciwon sukari.

Kakanninmu sun san wata dabara: jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami kafin a dama kunu. Wannan yana rage sinadarin da ke hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin hatsin. Garin 'ya'yan kuka ko lemun tsami a cikin kunu suna taimakawa. Shayi a kan abinci kuwa hanawa yake yi, don haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya.

Hatsi kaɗai ba ya gina yaro, domin furotin ɗinsa yana da giɓin da wake da gyaɗa da nono ke cikewa. Yaron da ya cika wata shida, a ci gaba da ba shi mama, a ƙara masa da kunu mai kauri, ba tsararo ba, da cokali ɗaya na tunkuza ko dafaffen wake da aka murje.