Mece Ce Kyautar Geneva ta Masu Zanen Barkwanci?

Duk bayan shekara biyu, birnin Geneva na ƙasar Switzerland yakan karrama mai zanen barkwancin siyasa da ya yi ƙarfin hali wajen kare haƙƙin ɗan Adam. A 2012 aka fara.

Asalin abin ya koma 2006, bayan tarzomar da zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) a wata jaridar Denmark ya haddasa har a Maiduguri. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya haɗa kai da mai zanen Faransa Plantu, suka tara masu zane na addinai da ƙasashe daban-daban, aka kafa ƙungiyar Cartooning for Peace, wadda daga cikinta kyautar ta samo asali.

Alƙalan kyautar ba kyan zane kaɗai suke dubawa ba, har da irin wuyar da mutum ya sha a kansa. A 2016 an raba kyautar tsakanin Gado, ɗan Tanzaniya da jaridar Daily Nation ta Kenya ta sallama, da Zunar na Malesiya, wanda tuhumomi tara na tunzura jama'a suka kusa jawo masa ɗaurin shekara 43. Daga baya, a 2018, an janye tuhumomin.