Abin da ya kamata ku sani: bindigogin da ake raɗa wa suna

A Amurka akwai wata al'ada da ta haura shekara 200, ita ce mutum ya raɗa wa bindigarsa suna kamar yadda ake sa wa doki ko karen farauta. Bindigar da ta fi shan wannan gata ita ce wadda ake ɗurawa ta baki, 'yar uwar tamu ta toka, wadda maharba ke rataya kuma 'yan bindiga ke bugawa ranar hawan Sallah.

Asalin irin wannan bindiga ta Amurka yana jihar Pennsylvania, musamman yankin Lancaster, inda maƙera 'yan asalin Jamus suka zauna a farkon shekarun 1700. Su suka ƙera wata doguwar bindiga mai bututun da ya kan wuce mita ɗaya, aka kuma zana murɗaɗɗun layuka a cikinsa. Layukan nan suna sa harsashi ya fita yana juyawa, sai ya tafi sak. Shi ya sa gwanin harbi kan sami abin da ya auna daga nisan wajen mita 200, alhali bindigar soja ta wancan zamani, mai santsin ciki, ba a sa rai da ita ko a rabin haka.

Wanda duk ya taɓa ganin yadda ake ɗura irin wannan bindiga zai gane inda al'adar raɗa mata suna ta samo asali. Maharbi zai tsayar da ita, ya zubo albarushi daga ƙahon da ke rataye a kafaɗarsa, ya auna, ya juye ta baki. Sai ya ɗora ɗan ƙyalle mai maiƙo, ya aza ƙwallon darma a kai, ya danna da doguwar sanda har ya zauna daram a kan albarushin. Sannan ya barbaɗa wani ɗan albarushin a ƙaramin kasko da ke gefe, ya ɗana. In ya ja kunama, ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kaskon, wuta ta bi wata 'yar kafa ta shiga ciki. Duk wannan hidima harbi ɗaya tak take haifarwa. In an kuskure, kafin a sake ɗurawa barewa ta yi nisa, ko kuma naman dajin ya iso kan maharbi.

Kuma da yake da hannu ake ƙera su, babu biyu masu hali ɗaya. Faɗin bututu ya kan bambanta, har ma maƙeri ya kan haɗa wa mai saye da 'yar ma'aunin zubin darma wadda ta dace da tasa kaɗai. Wata tana son albarushi da yawa, wata kaɗan. Wata tana karkata hagu, wata tana ƙin tashi in raɓa ta sauka. Sai mutum ya shekara da ita kafin ya san halinta. A ganina nan ne ƙashin bayan al'adar: abin da ka san halinsa, abincin iyalinka da ranka suka rataya a kansa, da wuya ka ci gaba da kiransa bindiga kawai.

Sunan da ya fi fice shi ne Betsy, na bindigogin Davy Crockett, maharbin jihar Tennessee wanda ya zama ɗan majalisar tarayya, aka kuma kashe shi a yaƙin Alamo a 1836. Fiye da bindiga ɗaya ya kira da wannan suna, ciki har da wadda magoya bayansa na birnin Philadelphia suka ba shi kyauta a 1834. Har yau in Ba'amurke ya ce "Old Betsy", wato tsohuwa Betsy, yana iya nufin tsohuwar bindigarsa ko ma tsohuwar motar da ya saba da ita.

Daniel Boone kuwa, wanda ya buɗe wa Turawa hanyar shiga Kentucky, sunan tasa kirari ne: "Tick Licker", mai lashe kaska. Labarin da ake bayarwa shi ne yana iya harbe kaska daga jikin dabba bai ƙwarzane ta ba. Duk wanda ya saba jin kirarin maharba a ƙasar Hausa ya san irin wannan cika baki. Marubuta ma sun ɗauka: a littafin da James Fenimore Cooper ya fitar a 1826, bindigar jarumin labarin sunanta "Killdeer", makashiyar barewa.

Akwai kuma laƙabin da ake yi wa jinsin bindiga gaba ɗaya. Sojojin Ingila sun fi shekara 100 suna riƙe da wadda suke kira "Brown Bess". Mu ma da muka ce wa tamu "harba-ka-ruga", sunan ya faɗi halinta duka. Turawa kuwa suna danganta ta toka da mutanen Denmark, saboda fatakensu na cikin waɗanda suka riƙa sayar da ita a gaɓar Afirka ta Yamma, inda suke da ganuwa a Ankara ta Gana.

Al'adar ba ta mutu ba. Tun 1933 masu sha'awar waɗannan bindigogi suka kafa ƙungiya ta ƙasa, suna taruwa gasar harbi a garin Friendship na jihar Indiana. Jihohi da dama sun ware musu lokacin farauta na daban, kuma a Pennsylvania akwai kakar da ke farawa bayan Kirsimeti wadda aka keɓe wa mai ƙanƙara. Da yawansu da hannunsu suke harhaɗa bindigar, wasu kuma ba sa raɗa mata suna sai ta kayar da naman farko.

Idan akwai tsohuwar ta toka a rataye a gidanku, ku tambayi dattijon da ya san ta labarinta da abin da mai ita yake kiranta, ku rubuta. Amma kada a gwada ta. Tsohuwar ɗura tana iya shekaru a ciki ba ta mutu ba, tsatsa tana cin bututu ta ciki, kuma garin harsashin zamani yana tarwatsa irin wannan bindiga a hannun mai harbi. Ku nisanta ta daga yara, ku kai wa maƙerin bindiga ya duba.