Wa ke ƙayyade tsayin da ƙananan jirage ke bi a samaniyar Ɗan Issa?

Ƙaramin jirgin da ya tashi daga Maraɗi ya nufi Katsina, ta samaniyar gundumar Madarunfa zai bi, inda Ɗan Issa take, kafin ya tsallaka iyaka. Daga ƙasa sai a ɗauka sararin sama daji ne ba mai shi. Amma tsayin da jirgin ke bi yana da doka, kuma a wasu wurare sai wani jami'i da ke ƙasa ya faɗa wa matuƙi inda zai tsaya.

Tuƙi da ido, tuƙi da na'ura

Tuƙin jirgi iri biyu ne. Manyan jiragen fasinja da na'ura suke tafiya, ko cikin gajimare ko cikin duhu. Ƙanana da yawa kuwa da ido ake tuƙa su, abin da ma'aikatan jirage ke kira VFR: matuƙi na kallon hanya da gulbi da garuruwa, shi ne kuma zai hango wani jirgin ya kauce masa.

Hukumar jiragen farar hula ta duniya, OACI, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ta gindaya sharuɗɗa. Ƙasa da ƙafa 10,000, sai matuƙi na iya hangen kilomita 5, ya kuma bar tazarar mita 1,500 a gefe da mita 300 sama ko ƙasa tsakaninsa da gajimare. A kan gari, ba ya sauka ƙasa da mita 300 daga gini mafi tsawo.

Gabas da yamma kowa da layinsa

Da zarar jirgi ya haura ƙafa 3,000 daga doron ƙasa, alƙiblarsa ce ke zaɓa masa tsayi. Mai nufar ɓangaren gabas yana ɗaukar ƙafa 5,500 ko 7,500 ko 9,500; mai nufar yamma, 4,500 ko 6,500 ko 8,500, duka a lissafe daga bakin teku. Ke nan mai zuwa Katsina ko Damagaram daga Maraɗi na iya bin 5,500, mai dawowa ya bi 6,500, ba za su yi gaba da gaba ba. Ƙarin 500 ɗin nan, wato kusan mita 150, shi ke raba su da masu tuƙi da na'ura, waɗanda ke bin dubbai cikakku.

Inda maganar hasumiya ke gaba

Labari na sauyawa a sararin da ke ƙarƙashin kulawa, kamar kewayen filin jirgin Diori Hamani na Yamai ko na Malam Aminu Kano. An kasa sararin sama aji bakwai, daga A zuwa G. A aji A ba a tuƙi da ido sam. A B da C da D sai da izini da magana ta rediyo, kuma jami'in kula da zirga-zirga na iya cewa matuƙi ya tsaya a tsayi kaza, ko kada ya wuce kaza, ko da hakan ya saɓa wa lissafin gabas da yamma. Dalili shi ne jami'in ya san babban jirgin da ke gangarowa, wanda matuƙi bai gani ba.

A Nijar, ASECNA ce ke wannan aiki, hukumar da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, kuma a makarantarta ta EAMAC da ke Yamai ake horar da jami'an. A Najeriya aikin NAMA ne. Shi ya sa matuƙin da ya ƙetare iyakar Ɗan Issa da Jibiya ke komawa hannun wasu jami'an.

Sakaci da wannan doka na cin rayuka. Ranar 31 ga Agusta 1986, wani ƙaramin jirgi ya kutsa sararin Los Angeles a Amurka ba izini, ya yi karo da jirgin Aeroméxico a kan garin Cerritos. Mutum 82 suka rasu, 15 daga cikinsu a ƙasa.

Umarni ba ya sauke nauyi

Duk da haka, jami'in da ke hasumiya ba ya ganin gajimaren da ke gaban jirgi. Idan tsayin da ya bayar zai jefa matuƙi cikin hadarin damina, ko cikin hazon hunturu da kan rufe jihar Maraɗi daga Disamba zuwa Fabrairu, wajibi ne matuƙin ya ce ba zai iya ba, ya nemi wani tsayin. Abin da aka hana shi shi ne ya sauya a ɓoye, sai dai in rai na cikin haɗari. In hazo ya yi kauri a kewayen filin jirgi, hasumiya na iya ba da izini na musamman muddin ana hangen mita 1,500. In bai kai haka ba, mai tuƙi da ido sai ya haƙura a ƙasa har gari ya washe.