Taswirar Mazurari da Matsayin Sakkwato a Doron Ƙasa

Ƙwarya ba ta shimfiɗuwa kamar tabarma sai an fasa ta, kuma wannan ita ce matsalar masu zana taswira, domin duniya mulmulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka kowace taswira sai ta tauye wani abu, ko siffa ko faɗi ko nisa. Ɗaya daga cikin dabarun rage wannan tawaya ita ce ta mazurari, inda ake ƙaddara cewa an kifa wa duniya takarda mai siffar malfa, tsininta na saitin ƙuryar arewa, a kwafe ƙasashe a jikinta, sannan a tsaga ta a baje.

Malfa ba ta taɓa kai sai a da'ira guda, haka ma takardar ba ta taɓa duniya sai a kan layin kwance guda, wato ɗaya daga layukan da ke kewaye duniya gabas da yamma, kuma a nan ne awo yake fita daidai, kuskure na ƙaruwa gwargwadon nisa daga gare shi. Shi ya sa gwanaye suke nutsar da mazurarin kaɗan ya ratsa duniya a layuka biyu. Daga cikin gwanayen, Lambert ya fitar da nasa tsarin a 1772, wanda ke kiyaye siffa da kusurwa, Albers kuma ya kawo mai kiyaye faɗin ƙasa a 1805, ko da yake tushen dabarar yana cikin aikin Baɗlamusa na Iskandariyya tun ƙarni na 2. Ƙasashen da ke tsaka-tsaki tsakanin layin ikwaita da ƙuryar duniya, masu faɗi gabas da yamma, su ne suka fi cin moriyarta, irin su Amurka, wadda ake yawan zanawa da tsarin Albers bisa layukan digiri 29.5 da 45.5.

Sakkwato tana wajen digiri 13 ne arewa da ikwaita, Nijeriya kuma ba ta wuce tsakanin digiri 4 da 14 ba, a irin wannan wuri kuwa mazurarin yakan yi ta tsawo har ya kusa zama bututu. Saboda haka ma'aikatan safiyo suka ɗauki tsarin bututu, suka kasa ƙasar sashe uku bisa ma'aunin Minna, Sakkwato ta faɗa sashen yamma, wanda layinsa na tsakiya yake digiri 4 da rabi gabas. Birnin ba baƙo ba ne ga wannan fanni, domin a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature matafiyi Clapperton taswirar ƙasarsa da hanyar kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826.

Amma a sama mazurari ne ke da rinjaye. Yawancin taswirorin matuƙa jirgi a kan tsarin Lambert ake yin su, saboda miƙaƙƙen layin da aka ja a kansu ya kusa zama hanya mafi gajarta tsakanin garuruwa biyu, kuma wannan bukatar ta shafi har jirgin alhazai da ke tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku zuwa Jidda.