Man shafawa: mine ne silikon?

Daga Babbar Kasuwar Yamai da kasuwar Wadata, 'yan kasuwa na kai man shafawa da man kitso har cikin ƙauyuka. A bayan kwalba an rubuta abubuwan da aka haɗa man da su. Sau da yawa akwai silikon a ciki.

Silikon wani mai ne da ake yi a masana'anta. Tushensa daga rairayi yake. Shi ke sa mai santsi, ya sa gashi taushi, ya hana fata bushewa lokacin ɗari.

Silikon iri-iri ne.

Na farko sunansa Dimethicone. Ba ya ratsa fata, a sama yake tsayawa. Masana sun gwada shi, sun ce ana iya shafa shi ba tsoro. Har maganin ƙwarƙwata ana yi da shi.

Na biyu sunansa Cyclotetrasiloxane, ko D4. An gwada shi kan ɓeraye, an ga yana iya rage haihuwa. A 2019 Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya.

Na uku sunansa Cyclopentasiloxane, ko D5. Matsalarsa a ruwa take. In an wanke shi ya shiga kogi, ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa cikin laka da jikin kifi. Tun 2020, a Turai, bai kamata ya kai giram 1 cikin kilo 1 na sabulun wanka ko na wanke kai ba.

Amma babban haɗari yana ga man da ke sa fata fari. Waɗansu na ɗauke da Mercure, mai lalata ƙoda. Waɗansu na da Hydroquinone ko Clobetasol, masu ɓata fata. A 2023 ƙasashen yarjejeniyar Minamata, har da Nijar, sun yarda a daina yin kayan kwalliya masu Mercure bayan 2025.

Ga abin da ya kamata a yi:

A karanta bayan kwalba kafin a biya kuɗi.

Kar a sayi man da aka ɗura a kwalba marar suna.

Sabon mai, a fara shafa kaɗan a hannu, a jira kwana 2.

In an ga ƙuraje ko ƙaiƙayi, a bar shi, a tafi gidan likita da kwalbar.

Kuɗi na dawowa, amma fatar da ta lalace da wuya take gyaruwa.